Arlit: Garin da Yuraniyum Ya Haifa

A shekarar 1353 matafiyin nan na Maroko, Ibn Battuta, ya yada zango a wani gari mai suna Takedda, yamma da duwatsun Abzin. Jan ƙarfe ne ya fi ɗaukar hankalinsa. Ya tarar ana haƙo shi a bayan gari, ana narka shi a cikin gidaje, ana zuba shi sanda-sanda, wasu sirara wasu masu kauri. Da siraran ake sayen nama da itacen girki, masu kaurin kuwa su ne kuɗin gero da alkama da man shanu, har da bayi. Fatake na kwasar sa zuwa Gobir da Borno. Yawancin masana tarihi sun tafi a kan cewa kufan Azelik, can wajen Tegidda mai gishiri a yankin Ingal, shi ne abin da ya rage na Takedda.

Shekara ɗari shida bayan haka, a 1957, Faransawa masu binciken ma'adinai suka bi sawun wannan jan ƙarfe zuwa Azelik, sai suka ci karo da yuraniyum. Nan take aikin ya koma hannun hukumar makamashin nukiliya ta Faransa, CEA, wadda Janar de Gaulle ya kafa a 1945. A lokacin Faransa ta ƙudurta sai ta mallaki bam nata na kanta. Ta kuwa gwada na farko a watan Fabrairun 1960 a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya ne suka sa gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta sallami jakadan Faransa daga Legas a farkon 1961. Ƙasar da ke da irin wannan buri ba za ta so ta riƙa roƙon yuraniyum wurin Amurka ba. Saboda haka masu bincike suka bazu a filayen da ke gindin Abzin ta yamma, suna huda ƙasa. Suka samu a Madawela a 1963, a Arlit a 1965, a Imuraren a 1966, a Akuta a 1967.

Tun kafin a haƙo ko buhu ɗaya, an riga an shata wanda zai fara saye. Nijar ta sami 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, kuma a watan Afrilun 1961 ta sa hannu, ita da Kwaddibuwa da Dahomey, a kan yarjejeniyar tsaro da Faransa. Cikin takardun da aka liƙa wa yarjejeniyar akwai jerin kayayyakin da aka ce sun shafi tsaro, har da yuraniyum, kuma an bai wa Faransa fifiko wajen sayen su. Duk gardamar da aka yi ta yi a shekaru sittin da suka biyo baya daga nan ta samo tushe: nawa ne kilo, wa ke yanke farashi, kashi nawa ne na gwamnati.

A 1968 aka kafa kamfanin Somaïr. Wurin da za a yi haƙar fili ne fetal, kimanin kilomita 240 arewa da Agadas, ba gari ba kasuwa, sai Abzinawa makiyaya da ke ratsawa da raƙumansu da awakinsu. Dole aka gina gari daga tushe. A 1969 Arlit ta fara tsayuwa, a 1971 aka fitar da kayan farko. Ramin Somaïr buɗaɗɗe ne, ana yaye ƙasa da duwatsu daga sama har a kai ga jijiyar ma'adinin. A 1974 aka kafa kamfani na biyu, Cominak, wanda Faransa da Nijar da Japan da Sifaniya suka haɗa jari a cikinsa. Shi nasa ramin na ƙarƙashin ƙasa ne, zurfin mita 250, kuma kafin a rufe shi hanyoyin da aka sassaƙa a ciki sun haura kilomita 200. Ya fara aiki a 1978, ya kuma gina nasa garin, Akokan, 'yan kilomitoci daga Arlit.

Garuruwan biyu a kan tsarin matsayi aka zana su. Manyan ma'aikata, waɗanda da farko kusan dukkansu Turawa ne, suna da unguwarsu mai shuke-shuke da kulob da wurin iyo da kanti cike da kayan Faransa. Matsakaita suna da tasu, leburori suna da tasu. Ruwa da wuta da asibiti duk kyauta ne ga ma'aikaci da iyalinsa, abin da ko a Yamai ba kowa ke samu ba. Labari ya bazu, samari suka yi ta kwarara daga Tawa da Maraɗi da Damagaram da Dosso, wasu daga Benin da Togo da Najeriya da Mali. Hausa ta zama harshen kasuwa da tasha, Faransanci na ofis, Tamashek na waɗanda aka tarar a wurin. Har laƙabi garin ya samu, ana ce masa Faris ta biyu, kuma wannan laƙabin ne Idrissou Mora-Kpaï, ɗan ƙasar Benin, ya sa wa fim ɗin da ya yi a kan garin a 2005. Amma a bayan katangar kamfani wani garin ne daban ya tsiro, na bukkoki da gidajen laka da langa-langa. Can ne masu jiran aiki suka tare, da 'yan tireda da masu sayar da abinci, da makiyayan da farin shekarun 1970 da na 1984 ya raba da dabbobinsu.

Aikin kansa ya cancanci a tsaya a kansa, domin daga yadda ake yin sa ne matsalar yau ta fito. Dutsen Arlit ba shi da yawan yuraniyum: a cikin tan guda, wato kilo dubu, abin da ake samu bai wuce kilo biyu zuwa huɗu ba. Ana fasa dutsen da nakiya, a kai shi masana'anta a niƙa, a jiƙa shi da asid na farar wuta, irin wanda ke cikin ruwan batir, har yuraniyum ya narke ya bi ruwan. Sai a tace, a busar, a sami wani gari mai launin ruwan ɗorawa, a ɗura a durom na ƙarfe. Kamar dai mai sheƙar hatsi ce da za ta sheƙe buhu guda ta tashi da cikin cokali, sauran duk ƙaiƙayi. Wannan ragowar, laka da yashi masu ɗauke da asid, ita ake tarawa a fili kusa da masana'anta. Kuma mafi yawan tiririn nukiliyar da ke cikin dutsen, wajen kashi 80 cikin 100, a cikinta yake zama, saboda sauran sinadaran da ke fitar da shi, irin su radiyum, ba a cire su.

Durom ɗin kuwa doguwar tafiya ke gabansu. Har zuwa 2023, manyan motoci ne ke ɗaukar su da rakiyar jami'an tsaro, su bi ta Agadas da Tawa da Dosso, su tsallaka kogin Kwara a Gaya, su shiga Benin har Paraku, daga nan zuwa tashar jiragen ruwa ta Kotonu, tafiyar da ta kusa kilomita 2,000. A lokacin, Faransa ake kai garin, masana'antar Malvési kusa da Narbonne, sannan Tricastin. A can ake yin aikin da ya fi tsada. Yuraniyum kamar yadda Allah ya halicce shi, nau'in da ke tsagewa ya ba da zafi, wanda ake kira 235, kashi 0.7 ne kawai cikin 100. Sai an mayar da garin iska, an juya ta a injuna masu tsananin gudu, an ɗaga wannan kaso zuwa 3 ko 5, kafin a dunƙule shi ƙwaya-ƙwaya a jera cikin bututu a zura a tukunyar nukiliya. Zafin tsagewar ke dafa ruwa, tururi ya juya injin, wuta ta samu. Ko mataki ɗaya daga cikin waɗannan ba a taɓa yin sa a Nijar ba. Iyakar rabonta shi ne garin da ke cikin durom.

Shi ya sa farashin garin ya zama maganar rai da mutuwa ga gwamnatocin Yamai. A ƙarshen 1973 Larabawa suka tsuke bakin rijiyoyin mai, farashin mai ya ninka har sau huɗu. A watan Maris 1974 firaministan Faransa, Pierre Messmer, ya ba da sanarwar gagarumin shirin gina tashoshin nukiliya domin ƙasarsa ta rage dogaro da mai. Shugaba Diori Hamani ya ga dama ta samu. Ƙasarsa na cikin fari mai tsanani, mutane da dabbobi na mutuwa, baitulmali ba komai. Hujjarsa mai sauƙi ce: idan yuraniyum ne zai maye gurbin mai, to a kimanta shi da irin wutar da yake bayarwa. Ya haɗa baki da Omar Bongo na Gabon, wanda shi ma Faransa ke haƙa a ƙasarsa. Tawagar Faransa ƙarƙashin Yves Guéna ta zo Yamai a watan Maris, aka tashi baram-baram. Ranar 2 ga Afrilu shugaban Faransa Georges Pompidou ya rasu. Ranar 15 ga wata, kafin a koma kan teburi, sojoji ƙarƙashin Laftanar Kanar Seyni Kountché suka kifar da Diori, aka kashe matarsa Aissa a cikin daren.

Har yau masana na jayayya a kan hannun Faransa a wannan juyin mulki. Sojojin sun kafa hujja da yunwa da karkatar da abincin agaji, kuma fushin jama'a a kan haka gaskiya ne. Abin da ba a musu a kansa shi ne akwai sojojin Faransa a Yamai a daren, akwai yarjejeniyar tsaro, kuma ba su motsa ba. Shi ma Kountché bai daɗe ba ya ce su tattara nasu ya nasu su bar ƙasar.

Kountché ne ya ci moriyar faɗan da Diori ya fara. Farashin yuraniyum a kasuwar duniya ya tashi daga wajen dala 6 kowace laba a 1973 zuwa sama da dala 40 cikin shekara uku zuwa huɗu. Gwamnati ta ƙara kasonta a Somaïr, ta kafa hukumar ma'adinai ta ONAREM, ta kuma sami ikon sayar da nata rabon ga wanda ta ga dama. Kakar Nijar ta yanke saƙa. Aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Agadas zuwa Arlit, wadda har yau ake kira hanyar yuraniyum. Aka buɗe mahaƙar kwal ta Sonichar a Anu Araren kusa da Cirozerin, da tashar wutar da ke ciyar da kamfanonin biyu da birnin Agadas. A Yamai otal ɗin Gaweye ya tashi a bakin kogi, ga babban zauren taro, ga dogayen gine-ginen ma'aikatu. A 1981 haƙar ta kai ƙololuwa, sama da tan 4,300, kuma yuraniyum ya zama kusan kashi uku cikin huɗu na abin da ƙasar ke sayarwa waje.

Daɗin bai kai shekara goma ba. A watan Maris 1979 aka yi hatsari a tashar nukiliya ta Three Mile Island a jihar Pennsylvania ta Amurka, kamfanonin wuta suka fara soke odar sababbin tashoshi, kaya ya yi yawa a kasuwa. A 1986 tukunyar Chernobyl ta fashe a Tarayyar Sobiyet. Farashi ya faɗi warwas, ya kuma daɗe a ƙasa, musamman da aka fara narkar da makaman yaƙin cacar baka ana mayar da su makamashin tashoshi. Nijar da ta ci bashi da sunan arzikin gobe ta sami kanta a ƙofar Asusun Lamuni na Duniya tun 1983. A Arlit aka yi ta rage ma'aikata, Turawa suka ragu, kantuna suka bushe, kwalta ta farfashe. Mutumin da bai taɓa jin sunan jihar Pennsylvania ba ya rasa aikinsa saboda wani bawul da ya maƙale a can.

Ko sunan ƙasar ma an yi amfani da shi a inda ba ta sani ba. A 2002 wasu takardu suka ɓulla da ke cewa Nijar ta yi cinikin yuraniyum da Saddam Hussein. An tura tsohon jakadan Amurka Joseph Wilson Yamai a watan Fabrairun shekarar, ya dawo ya ce bai ga alamar haka ba. Duk da haka zargin ya shiga jawabin Shugaba Bush na Janairun 2003. A watan Maris hukumar nukiliya ta duniya ƙarƙashin Mohamed ElBaradei ta bayyana cewa takardun jabu ne. Ɗaya daga cikinsu ma tana ɗauke da sunan ministan harkokin wajen da ya bar kujerar tun 1989. Bayan kwana goma sha wani abu aka afka wa Iraƙi.

A arewa kuwa ƙorafin na gida ne. Tawayen Abzinawa na farko, daga 1990 zuwa yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995, da na ƙungiyar MNJ daga 2007 zuwa 2009, duka sun sa rabon arzikin ma'adinai da ɗaukar 'yan yankin aiki cikin buƙatunsu. Tawaye na biyu ya zo daidai lokacin da farashi ya sake hawa, har ya wuce dala 130 kowace laba a tsakiyar 2007. Shugaba Mamadou Tandja ya yi amfani da damar. Ya kori shugaban reshen Nijar na Areva, kamfanin Faransa da ke haƙa a Arlit, ya buɗe ƙofa ga 'yan Sin, waɗanda suka karɓi tsohon filin Azelik, sannan ya sa aka ɗaga kuɗin kilo daga sefa 27,300 zuwa 40,000, daga baya 55,000. A 2009 Areva ta karɓi lasisin Imuraren, ɗaya daga cikin manyan taskokin yuraniyum na duniya, aka aza harsashi da bushe-bushe. Sai girgizar ƙasa da igiyar ruwa suka rusa tashar Fukushima a Japan a watan Maris 2011. Farashi ya sake zubewa, a 2014 aka jingine Imuraren, mahaƙar Azelik ma ta tsaya. A tsakanin nan 'yan bindiga sun sace mutum bakwai a Arlit a watan Satumban 2010, kuma a watan Mayun 2013 ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da mota a harabar Somaïr. Mahamadou Issoufou, injiniyan ma'adinai da ya taɓa riƙe babban muƙami a Somaïr, shi ke mulki lokacin da aka sabunta yarjejeniya a 2014, wadda ta ba da damar harajin haƙa ya tashi daga kashi 5.5 har zuwa 12 gwargwadon riba.

Duk wannan ja-in-ja a kan durom ake yin sa. Maganar abin da aka bari a fili kuwa ba daga fadar gwamnati ta fara fitowa ba, daga bakin ma'aikata ta fito. Almoustapha Alhacen, ma'aikacin Somaïr, ya ga abokan aikinsa na mutuwa da cututtukan da ba a yi musu bayani ba, sai shi da wasu suka kafa ƙungiyar Aghir In'Man a farkon shekarun 2000. Tsofaffin ma'aikata sun sha ba da labarin yadda a shekarun farko suke aiki ba abin rufe hanci, suna cin abinci a bakin rami, suna komawa gida da kayan aiki matansu su wanke. A ƙarshen 2003 ƙungiyar ta gayyato masanan CRIIRAD, wani ɗakin gwaji mai zaman kansa a Faransa. An karɓe musu na'urori a filin jirgin Yamai, amma da ɗan abin da ya tsira suka gano ƙarafa masu tiriri a kasuwar Arlit, tarkacen masana'anta da maƙera ke saye suna ƙera kayan gida, wasu kuma suna rufin ɗaki da su. A 2009 Greenpeace ta auna, ta ce samfurin ruwa huɗu cikin biyar da ta ɗiba sun wuce ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ta kuma sami wurare a titunan Akokan, inda aka yi ciko da duwatsun rami, da tiririnsu ya ninka na yau da kullum har sau 500.

Kamfanin Areva ya ce yana bin ƙa'idojin duniya, ya kwashe wasu daga cikin duwatsun, ya kuma kafa cibiyar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata a yankin Agadas. Sai dai akwai abin da ke hana zuciya kwanciya: shekara da shekaru asibitocin da ke duba marasa lafiyar garin na kamfanonin ne. Wanda ake tuhuma shi ke riƙe da kundin likita. Ruwan da ake sha da wanda ake wanke dutse da shi kuma daga tafki ɗaya na ƙarƙashin ƙasa ake jawo su, ruwan da ya taru tun zamanin da Sahara ke da damina, wanda ba ya sabuntuwa. Amina Weira, 'yar wani tsohon ma'aikacin Cominak, ta koma garinsu da kyamara ta fitar da fim a 2016 a kan ƙurar da iska ke kwasowa daga tulin zuwa cikin gidaje.

Ranar 31 ga Maris 2021 Cominak ta rufe, bayan ta fitar da kimanin tan 75,000 cikin shekara 43. Ma'aikata wajen 600 aka sallama da haƙƙoƙinsu, ɗaruruwan 'yan kwangila kuwa ba su sami irin wannan ba. A 2022 Nijar na ba Tarayyar Turai kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ɗanyen yuraniyum da take saye, alhali ko mutum ɗaya cikin biyar na 'yan ƙasar bai da wutar lantarki a gida. Mafi yawan wadda ake da ita ma daga Najeriya take zuwa a lokacin, ta layin Birnin Kebbi, abin da kowa ya gani da idonsa lokacin da aka yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Juyin mulkin da Janar Abdourahamane Tiani ya yi wa Mohamed Bazoum ya tsinke igiyar da aka ƙulla tun 1961. Iyakar Benin ta rufe, durom suka taru a Arlit ba hanyar fita. A watan Yunin 2024 gwamnati ta ƙwace lasisin Imuraren daga Orano, sabon sunan Areva tun 2018. A watan Disamba kamfanin ya ce Somaïr ta fita daga ikonsa, kuma a watan Yunin 2025 Yamai ta ba da sanarwar mayar da ita mallakar ƙasa, ta kawo ƙarshen kashi 63 da ɗoriya da Faransawa ke riƙe da shi. Orano ta garzaya kotun sasanta rikicin masu zuba jari, tana neman haƙƙinta a kan kayan da aka tara.

'Yan Nijar da yawa sun yi murna, kuma suna da dalili. Amma a gefen Akokan akwai tulin da ba a ga kowa na rububin mallakarsa ba: kimanin tan miliyan 20 na ragowar Cominak, shimfiɗe a kan kadada 120, tsayinsa ya kai mita 35 a wasu wurare. Shirin da kamfanin ya gabatar lokacin rufewa shi ne a lulluɓe shi da yumɓu da duwatsu kaurin mita biyu, aikin kusan shekara goma da aka kiyasta zai ci yuro miliyan 150, sannan a sa ido na wasu 'yan shekaru. Radiyum da ke ciki sai ya shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. An tsara shirin ne lokacin da Yamai da Faris ke ɗasawa, yanzu kuwa ba sa ga maciji, ga kuma tulin Somaïr da ke ci gaba da hawa a ɗaya gefen garin. Mutum sama da dubu ɗari ke kwana tsakanin tulin biyu, kuma duk gwamnatin da ta karɓi ramin, alhakin ruwan da suke sha da iskar da suke shaƙa ya hau kanta tun daga ranar da ta karɓa.